Daga Gindin Ɗorawa Zuwa Tukunyar Miya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Kankiya da Kusada, da na Rimaye, Kafin Soli, Tafashiya, Yashe, Kofa da Mawashi, musamman iyayenmu mata da ke jin mu yanzu daga bakin murhu. Sannunku da aiki, sannunku da hayaƙi. Shirin yau naku ne, domin hirarmu a kan girkin kakanni ce: fura, tuwo da miyar kuka, daddawa, yadda ake yin su da inda suka samo asali.

Bari mu fara da wani baƙo da ya ratsa ƙasarmu. A ƙarshen watan Janairun 1851, wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya yi wa kansa laƙabi da Abdulkarim, ya fito daga birnin Katsina ya nufi Kano. Ya sauko ƙasar Hausa ne tare da ayarin Abzinawa masu ɗauke da gishirin Bilma. Hanya ta bi da shi ta Kusada, ya kuma ambaci garin da sunansa a littafin tafiye-tafiyensa, kafin ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. Mutumin da ya kwashe watanni yana keta hamada, da ya iso nan sai ya yi ta yabon ƙasar: gonaki a gyare, dabbobi suna kiwo, manyan itatuwa tsaye a tsakiyar gonaki suna ba da inuwa. A cikin littafin nasa ya yi maganar fura, ya yi maganar tuwo, ya yi maganar daddawar da ake yi da 'ya'yan ɗorawa. Abin da ake ci a gidajenmu da daren nan, shi ya tarar ana ci sama da shekara 170 da suka wuce. Ku riƙe maganar itatuwan nan a zuciya, don a kansu za mu tsaya.

Gero kuwa ya girmi Barth nesa ba kusa ba. Masu tonon kayan tarihi sun samo alamun geron noma a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali, wanda ya kai kimanin shekara 4,500. Dawa an fara noma ta a gabashin Sudan, kusan shekara 5,000 ke nan. Wake ma ɗan Afirka ne, kuma har gobe babu ƙasar da ta kai Najeriya noma shi a duniya. Waɗannan uku su ne 'yan gida a rumbunmu. A shekarar 1352, lokacin da matafiyin nan Ibn Battuta ya shigo daular Mali, ya ba da labarin an kawo masa dakakken hatsi da aka gauraya da zuma da nono a cikin ƙwarya. Duk wanda ya tashi a Kankiya, in ya ji wannan bayani, ya san dangin fura ake nufi.

To yaya kakanninmu suke yin ta? A samu gero tiya ɗaya, a surfa shi a turmi da ɗan yayyafin ruwa har dusa ta fita, a bakace, a wanke a rege tsakuwa, a baza shi ya sha iska. Sai a daka shi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a tankaɗe. A yayyafa wa garin ruwa a cura shi manya-manya, a jefa cikin ruwan da ke tafasa. Amare, ku ji wannan da kyau: in aka jefa curin kafin ruwa ya tafasa, watsewa zai yi ya koma kunu. Bayan kamar rabin awa sai a tsame, a zuba a turmi tun da zafinsa a kirɓa, ana ɗiga ruwan dahuwar kaɗan-kaɗan, har ya yi laushi ya yi danƙo. A kirɓin nan ake gane hannu. Furar da ba ta kirɓu ba, in an dama sai ka ga gudaji sun kwanta a ƙasan ƙwarya, nono yana yawo a sama. Daga nan a cura ƙanana, a birgima su cikin gari don kada su manne.

Akwai wani tarihi a cikin ƙwaryar fura da bai kamata mu wuce shi ba. Geron na manomi ne, nonon na makiyayi ne. Bafillatana ta kawo nono da man shanu kasuwa ko ƙofar gida, ta koma ruga da hatsi. Bayan girbi shanu su shiga gona su ci kara, su bar taki. Ɗaruruwan shekaru aka yi a haka. A wannan zamani da zaman manomi da makiyayi ya yi tsami a sassan jiharmu ta Katsina, yana da kyau yaranmu su san cewa abincin ranar kakanninsu ba ya haɗuwa sai ɓangarorin biyu sun kawo nasu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Mu koma kan abincin dare. Tuwon dawa ba ya son gaggawa. A surfa dawa, a wanke, a niƙa, a tankaɗe a raba gari da tsaki. In ruwa ya tafasa a dama tsakin a zuba, a yi talge, a bar shi ya nuna sosai kafin a fara zuba gari ana tuƙawa da muciya. Wadda ta yi gajen haƙuri da talge, tuwonta zai yi gari-gari a baki, kuma ba zai kwana ba. Tsofaffi sukan sa ɗan ruwan tsamiya, kuma suna da dalili: tsamin yana hana tuwo saurin lalacewa, ya wayi gari lafiya a yi ɗumame yara su karya. Babu firji a wancan zamani, amma ba a zubar da abinci.

Miyar kuka kuwa, kowa yana ganin ya iya ta, amma masu yin ta yadda take sun yi ƙaranci. A ɗora ruwa, a daka daddawa da barkono da citta da albasa a zuba. In akwai ƙashi ko busasshen kifi a sa. In babu, a surfa wake a zuba ya dahu har ya narke, don haka iyayenmu suke yi a gidan da nama sai ranar kasuwa. Masana abinci na yau sun tabbatar da hikimar wannan: abin da hatsi ya rasa na gina jiki wake yana cike shi, shi ya sa tuwo da miya mai wake ya fi tuwo da miyar ruwa nesa. A bar daddawar ta dahu har warinta ya juye ya zama ƙamshi. Nan ne mafi yawan masu girkin yanzu suke kuskure, sai su kaɗa kuka a kan ɗanyar daddawa, sannan su ce miyar kuka wari gare ta. A ɗiga ruwan kanwa kaɗan, a rage wuta, a riƙa barbaɗa kuka ana kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji. A sauke, a zuba soyayyen man shanu a kai. Ita kanta kukar, a nemi wadda aka shanya a inuwa, mai kore shar. Wadda ta sha rana har ta koma ruwan ƙasa, ta rasa ɗanɗano ta rasa amfani da yawa.

Yanzu ga uwar tafiyar, wato daddawa. Zan ɗan daɗe a nan, don ita ce ta fi kusa da ɓacewa daga hannunmu.

Ɗorawa takan yi fure cikin rani, jajayen furanni masu reto, 'ya'yanta su nuna dab da faɗuwar damina. In an ɓare su, garin nan rawaya mai zaƙi yara su sha ko a dama. Ɓawon a jiƙa shi a yi makuba, wadda da ita ake daɓen ɗaki da shafen bango. Ƙwayar da ke ciki, wato kalwa, ita ce ta daddawa. Babu abin yarwa ko ɗaya.

Kalwa tauri gare ta, sai ta wuni ta kwana a kan wuta kafin ta yi laushi. Sai a zuba ta a turmi da ɗan toka ko yashi a surfa, baƙin ɓawon ya saɓule, a kai ta ruwa a wanke a tsince har sai farar ƙwaya ta rage. A sake dafa ta na 'yan awoyi. A tsame tun da ɗuminta a zuba a kwando ko masaki, a lulluɓe da ganye da tsumma, a kai ta lungun ɗaki mai ɗumi. Kwana biyu zuwa uku ba a taɓa ta. In an buɗe za a tarar ta yi duhu, ta yi yauƙi, warinta ya cika gida. Sai a kirɓa, a mulmula a faɗaɗa, a shanya a rana har ta bushe. Busasshiyar daddawa takan yi watanni ba ta lalace ba.

Me yake faruwa a cikin kwanakin nan da aka rufe ta? Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu amfani, su ne suke aiki a kan ƙwayar, su warware sinadarin gina jiki da ke cikinta yadda hanji zai iya ɗauka, su kuma fito da ɗanɗanon da ke sa miya ta yi armashi. Ɗanyar kalwa ba ta ciwuwa. Bayan wannan aiki kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar daddawa sinadarin gina jiki ne, ga mai a ciki. Matan da suka gano wannan hanya ba su shiga aji ba, amma aikin da suka yi ilimi ne cikakke, kuma jami'o'i suna nazarinsa har yau. A gidan talakan da bai ga nama ba tsawon mako, daddawa ce naman miyarsa. Inda kalwa ta yi wuya kuma, sai a yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa, ita ma ta rufa asiri.

Wani zai ce, to ai abincin gargajiya shi ne wanda bai taɓa canzawa ba. Ba haka ba ne. Masara, rogo, gyaɗa, dankali, tumatir, har barkonon da muke ganin miya ba ta yiwuwa sai da shi, duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su shigo Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Kafin barkono ya zo, masoro da citta da kimba ne yajinmu. Alkaki da dubulan da gurasa, waɗanda ake alfahari da su a garar amarya, suna da alaƙa da fataken Larabawa da suka riƙa ƙetaro hamada zuwa Katsina da Kano. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa sun yawaita ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, manoman ƙasar Katsina da Kano suka duƙufa noma ta. Shinkafa da ake ci kullum yanzu, a gidajen kakanninmu sai ranar Sallah ko suna. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne suka cika kasuwa da ta waje. Awara ma jiya-jiya ta shigo, ga ta nan a kowace kwana. Tukunyarmu ba ta ƙin baƙo. Ɗanwake kansa shaida ne: wake da kuka da kanwa na gida, garin rogo da yajin barkono baƙi, sun haɗu sun zauna lafiya.

Amma akwai bambanci tsakanin baƙon da ya ƙara wa tukunya albarka da wanda ya kori ɗan gida. Ɗunƙulen ɗanɗanon miya, wanda kowa yake kira magi, asalinsa ƙasar Suwizalan ne, an fara yin sa a ɗunƙule a 1908. Yau ko ƙauyen da mota ba ta shiga, za ka same shi a teburin mai kanti. Yana da sauƙi, ba ya son itace, ba ya son kwana uku, kuma ba na zargin matar da ta zaɓe shi bayan ta wuni tana aiki. Sai dai mu faɗi gaskiya: mafi yawan abin da ke cikin irin waɗannan ɗunƙule gishiri ne. Yana ba miya ɗanɗano, amma ba ya gina jikin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ku lissafa ɗunƙule nawa ake jefawa a tukunya ɗaya, a ƙara da gishiri, sannan ku tuna yadda hawan jini ya zama ruwan dare a gidajenmu. Shawarata ita ce daddawa ta koma matsayinta na uwar miya, ɗunƙule ya zama ɗan rakiya, guda ɗaya ko rabi.

Don kada a ce na ɗauki ɓangare, na gargajiyar ma akwai inda yake son gyara. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Kanwa gishiri ce ita ma. Iyaye masu kula da mai jego, a sassauta hannu. In aka ga ƙafafunta sun kumbura, ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta asibiti ranar, kada a ƙara mata kunu a ce jego ne. Haka kuma gyaɗa ko masarar da ta yi hunhuna a rumbu, a zubar da ita, kada a niƙa a ce wuta za ta kashe. Gubar da ke cikinta ba ta jin wuta, kuma hanta take ci.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, na ce ku riƙe maganar itatuwa. Ku duba miyar nan da muka girka ɗazu. Kuka itace ce. Daddawa daga ɗorawa take. Tsamiyar tuwo itace ce. Ko man kaɗe ma daga kaɗanya yake. Kakanninmu in za su share gona, waɗannan ba sa sa musu gatari, shi ya sa Barth ya tarar da su tsaye a tsakiyar gonaki. Kuma sun san ranar da za su neme su. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, da farin 1973 da dattawanmu da yawa suka gani da idonsu, abin da ya riƙe rayuka bayan rumbu ya ƙare shi ne ganyen daji da 'ya'yan itace: tafasa, rama, yaɗiya, kuka, garin ɗorawa. Kwaɗon ganye da dambun zogale da muke ci yau don marmari, sun taɓa zama abin da ya tsaya tsakanin gida da maƙabarta. Allah Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan.

Yau kuwa ku tambayi kowace mai yin daddawa a kasuwar Kankiya ko ta Charanci, za ta gaya muku kalwa ta yi tsada, kuma sau da yawa daga nesa ake kawo ta. Ɗorawun da muka gada suna tsufa, wasu an sare an yi itace ko gawayi, ƙananan da suke tsirowa kuma garma da awaki ba sa barin su. Ɗorawa takan ɗauki shekaru kafin ta fara 'ya'ya, wani lokaci har goma. Wanda bai dasa bana ba, jikansa zai sayi kalwa da tsadar da ba zai iya ba, daga nan sai a daina yin daddawar, daga nan sai a manta yadda ake yin ta. Haka girki yake mutuwa, tun daga gona.

Abin yana gyaruwa, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Maƙwabtanmu na Maradi, Hausawa 'yan'uwanmu, sun taɓa kaiwa inda gonakinsu suka zama fili fetal. Tun daga shekarun 1980 suka canza salon sassabe: maimakon a tumɓuke kututturen da ya toho, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a riƙa gyara su kowace shekara. Da wannan dabara, a yankunan Maradi da Damagaram an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5. Babu injin, babu kuɗi masu yawa, hannun manomi ne da addarsa. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwan sama.

Gero ma duniya ta waiwayo shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, saboda yana jure fari inda masara take ƙonewa, yana kuma da sinadarin ƙarin jini fiye da farar shinkafa. Abin da wasu a cikinmu suke jin kunyar ba baƙo, shi aka yi wa taro a manyan biranen duniya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Don haka ga roƙona. Maigida, in damina ta faɗi, ka kewaye ɗorawa ko kukar da ta tsiro a gonarka da ƙaya, ka bar ta ta tashi. In babu, ka nemi iri ka dasa ko guda biyu a kan iyaka. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah Ya ja zamaninku, a taimaka a hana saran itatuwan abinci don gawayi. 'Yan mata da amare, duk wadda take da kaka ko gwaggo da ta iya daddawa, ta je ta zauna kusa da ita ranar da za ta dafa kalwa, ta sa hannu tun daga surfe har shanya, don wannan aiki ba a koyon sa da baki. Malaman makaranta a Kankiya da Kusada, ku ba ɗalibai aikin gida su rubuto girki ɗaya daga bakin tsohuwar gidansu, da sunan kowane ganye da ma'auninsa, a tara a ajiye a makaranta. Iyayenmu tsofaffi kuma, don Allah kada ku jira a tambaye ku, ku kira yaran ku nuna musu.

A nan za mu dakata. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci.

(Kiɗan rufe shiri)